Surukina mai tuƙi a waya zai zo ɗaukar mai jego da mota

Assalamu alaikum admin, Allah ya saka da alheri, ki sa mini wannan a grup amma ki ɓoye sunana da lambata, don na san akwai 'yan wajenmu a ciki. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Ni a makarantar yaƙi da jahilci na koyi boko bayan na riga na tara 'ya'ya, a hankali nake rubutu, amma gara in rubuta da hannuna da in ba wani ya rubuta mini gobe in ji maganar a bakin rijiya.

Ni uwa ce, muna zaune a wani ƙauye bayan Bande, in ka sauka daga kwalta sai ka bi jar hanya kafin ka iso mu. Maganar a kan 'yata ta fari ce da mijinta. Ku na birni wataƙila kun daina, amma mu nan har yanzu ana kunyar ɗan fari sosai. Ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce "yarinyar nan" ko "ke", ba na zama hira da ita, tun da aka yaye ta gwaggonta, yayar maigidana, ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma, ita ta yi mata aure. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Gwaggo, duk abin da nake so in faɗa wa yarinyar ta bakinta yake bi. Mijin nata kuwa, ko a hanya muka haɗu sai in kauce, in ya zo gaisuwa ya durƙusa a bayan zana, ni ina ciki in amsa ƙasa-ƙasa, shi ke nan. Haka na taras, haka nake yi, kuma ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba sai yanzu.

Yaron yana da shagon cajin waya da gyara a kasuwar Magariya. Zan faɗi gaskiya don Allah yana ganina, ba ya barin ta da yunwa, ba ya zagi, ba ya duka, yana salla. Abin da ke damunsa guda ne, wasan tseren mota na cikin waya. Da na fara jin labarin na ɗauka irin na yara ne da ake dannawa kafin abinci ya nuna. Ashe shi sana'a ya ɗauke shi. Ya je wajen masu tsofaffin ƙarafa ya sayo bolan, wato sitiyari, na wata matacciyar mota, ya sa maƙeri ya kafa masa shi a kan sandar ƙarfe, sai ya ɗaure wayar a tsakiya da robar tayar keke. In ya murɗa sitiyarin wayar ta karkata, motar ciki ita ma ta karkata. Birki da mai kuma a jikin gilashin wayar suke, da manyan yatsunsa yake dannawa, na dama mai, na hagu birki. Ku riƙe wannan maganar ta yatsu, za mu dawo kanta. Har suna ya sa wa kansa, wai Pilot, ya rubuta a ƙofar shago da a bayan babur. Babba da shi, da gemu.

Da cikinta ya tsufa aka dawo da ita gida goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari, shi kuma ya riƙa zuwa dubiya. To zuwan nan ne ya sa na ga abin da idona. Wani in zai zo gidan surukai ya ɗauro tsire ko lemo a bayan babur, shi sitiyari yake ɗaurowa. Ya gaisa, ya leƙa ta minti kaɗan, sai ya fita gindin dalbejiyar ƙofar gida ya kafa ƙarfensa, samarin gari su kewaye shi. Madafina yana jikin zanan da ya yi iyaka da wajen, duk abin da yake faɗa a kunnena yake, ina tuƙa tuwo ina shan darasi ba da sona ba.

Abin da na fahimta, hanya ce guda a cikin wayar, ta zagaya ta dawo inda ta faro. Ba ta zuwa Damagaram, ba ta zuwa Kano, ba a ɗauko kowa ba a sauke kowa. Sai dai a ga wa ya zagaya ya dawo da sauri, shi da wasu mutane a wasu ƙasashe da bai taɓa gani ba. Tun bara wai yake fama ya rage lokacinsa, kuma abin da yake son ragewa bai kai ƙiftawar ido ba. Akwai wata mota fara-fara kamar hayaƙi da take gudu a gabansa, na ji yana gaya wa samarin wai shi ne da kansa, ranar da ya fi yin sauri, wayar ta ajiye ta, ita yake bi kullum ya ga ko zai wuce ta. Na ajiye muciya na ce ikon Allah, mutum ya wuni yana bin kansa na jiya kuma ya kasa kamawa. In ya kasa sai ya ce rezo ne, wato sabis, har babur yake hawa ya tafi bakin iyaka don ya kamo na Najeriya wai ya fi gudu. Ran da ya ci kuwa ihun da ya yi sai da na fito da ludayi a hannu, na ɗauka naƙuda ce ta tashi.

Dokokinsa ma na haddace su don maimaici. Wai kada ka taɓa birki da wuri, matsoraci ne yake taɓa birki da wuri, ka bari sai kwana ta zo daf da hancinka. Wai ka shiga kwana daga gefen waje, ka yanko ta can ciki, ka fita ta waje, shi ne ake kira layi, hanya duk faɗinta taka ce. Wai in ka ɓata kwana kada ka wuce, ka koma baya ka sake ta nan take, in ba haka ba hannu zai saba da kuskure. Hanya duk faɗinta taka ce, a garin da jaki da amalanke da mai tallan fura kowa yake da rabonsa a hanya. Samarin kuma suna gyaɗa kai kamar ana tafsiri. Ni dai na ce a raina ai waya ce, in ya faɗa rami a ciki babu wanda zai kai asibiti.

Allah ya sauke ta lafiya, namiji. Ana gobe suna sai ga labari wai Pilot da mota zai zo. Ashe cikin abokan wasan nasa akwai ɗan wani ɗan kasuwa da yake ɗaukarsa kamar malaminsa, shi ya ba shi aron motar gidansu, irin wadda ba a sa mata giya da hannu, ya kai shi filin ƙwallo ya nuna masa inda ake takawa, suka zagaya, shi ke nan wai ya iya. Ba shi da permi, wato lasisin tuƙi, bai taɓa zuwa makarantar koyon tuƙi ba, bai taɓa bin wani direba ba. Ya ce permi takarda ce kawai, shi da ya yi tsere da Turawa. Ya sa ragon suna a but, ya biyo ta kasuwar Bande ya taras da Gwaggo ta gama cefanen suna tana jiran babur, ya ce ta shigo. Tsohuwa ta ga mota mai sanyi, ta shiga gaba ta rungume kwandonta.

Kafin ka shigo garinmu akwai wata kwana a gindin babbar kuka. A lokacin gero ya yi tsayi ya fi mutum, ba ka ganin abin da ke tahowa. Duk direban da ya san wajen rage gudu yake ya yi oda ya riƙe hannunsa. Gwaggo ta ce tun daga nesa ta ga ya gyara zama, ya ce mata, "Gwaggo riƙe kwandonki, yau za ki ga layi." Sai ya fita can gefe, ya yanko ta hannun da ba nasa ba. Suna karyowa sai ga amalanken shanu ɗauke da durom na ruwa, gaba da gaba. Ta ce ita dai ta yi salati, ta dubi ƙafarsa ta ga ko motsi ba ta yi, sai babban yatsansa na hagu da ya danna a tsakiyar sitiyari da duk ƙarfinsa. Birkinsa na waya yake nema. Abin da ya samu oda ce. Motar na ihu, shanu suka firgita suka yi gefe da amalanken, Allah ya sa suka yi gefen da ya dace, shi kuma ya zarce cikin gonar maƙwabcinmu yana kwantar da gero har yashi ya riƙe tayoyin. Yashi ne ya taka masa birki 'yan uwa. Goshin Gwaggo ya bugi gaban mota ya kumbura, manja da daddawa suka wanke mata zane, rago kuma a but ya karye a ƙafa. Liman ya ce ba a yanka karyayye a suna, sai maigidana ne ya kwance nasa da yake kiwo aka fita kunya.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini ba. Manoma suka taru suka turo motar ta hau hanya. Maimakon ya ba mai amalanke haƙuri, ko ya dubi goshin tsohuwa, sai ya ja motar da baya da baya har ya wuce kukar, ya leƙo ta taga ya ce Gwaggo ta zo ta shiga a sake kwanar, wai in bai gyara ta yanzu ba hannunsa zai saba. Gwaggo ta ce masa, "Ɗan nan, uwarka ce ta haife ni da za ka sake shan kwanar nan da ni?" Ta ɗora kwandonta a ka ta taho da ƙafa. Shi kuwa ya sake kwanar shi kaɗai, mutane na tsaye suna kallo, ya yanko ta ciki kamar ɗazu, da ya fito ya ɗaga hannu ta taga yana murna. Ya riga Gwaggo isowa gida, ya durƙusa a bayan zana ya gaishe ni lafiya lau, na amsa, ban san komai ba sai da na ga tsohuwa ta shigo da goshi kamar an ɗora mata ƙwai.

Bayan suna na roƙi Gwaggo ta yi masa magana tunda ita ce uwar a al'ada. Ta kira shi, ya zo ya durƙusa da ladabinsa, ya saurara har ta gama. Sai ya ce mata wai layinsa daidai yake, amalanken ne ya shigo masa layi, kuma maganar birki ƙaramin abu ne, hannu ne ya riga ƙafa, yanzu ya fara sa dutse a ƙarƙashin ƙafarsa in yana wasa yana takawa don ta koya. Dutse. Har ya ciro waya ya nuna mata sunansa a saman na wasu mutane, ya ce ta duba ta ga wanda take yi wa faɗa. Ta ce masa ita ba ta iya karatu ba amma ta iya gane gonar gero in tana cikinta. Daga ranar ta ce ta cire bakinta, ta gaya mini ko rakiyar mai jego da za ta yi, a taksi za ta tafi da kayan gara, ta riga ta ga layi sau ɗaya ya ishe ta.

Na koma wajen maigidana. Na jira ya ci abinci ya sha ruwa, na kawo maganar a hankali. Ya ce mace in ta yi arba'in ta mijinta ce, ya zo da mota ko da jaki ba mu da ta cewa, kuma kowa da ranarsa. Na ce Malam ragonka fa. Ya ce rago ai na jikansa ne, bai yi asara ba. Da na ƙara magana sai ya dube ni ya ce yaushe na fara tsoma baki a sha'anin 'yar fari, so nake a yi da mu a gari a ce ba ni da kunya? Daga baya na gane inda aka samu Malam, don da idona na hango shi ta ramin zana, zaune a gindin dalbejiya, hula ta karkace, ya riƙe sitiyarin nan yana dariya har da kwantar da kafaɗa, surukin nasa yana ce masa, "Baba saki mai, saki mai!" Mutumin da ko keke bai taɓa hawa ba. Uwar yaron kuma can Magariya yawo take tana gaya wa mata ɗanta ya fi Turawa iya mota, to wa zan kai wa ƙara.

Yanzu ga inda ake. Juma'a mai zuwa take cika arba'in, ya aiko cewa ranar Asabar zai zo ya ɗauki matarsa da ɗansa, kuma da motar nan dai, abokin ya sake ba shi. Kaka ta yi, ana ta yankan gero, hanyarmu daga safe har magariba amalanke ne ɗauke da dammuna, wani a bayan wani, yara na kora, wasu ma barci suke a sama shanun na tafiya da kansu. Shi kuma satin nan ya zo da babur ya bi hanyar yana ɗaukar ta bidiyo, wai yana haddace kwanoni kamar yadda yake yi kafin tsere. Na ji shi da kunnena yana gaya wa samarin cewa daga ƙofar gidanmu zuwa Magariya zai kafa lokacin da babu direban tasha da ya taɓa yi, zai kunna agogon waya, ya tura wa abokan wasansa su ga ba a gilashi kaɗai ya iya ba. Wani a cikinsu mai ɗan hankali ya ce, "Pilot, da jaririn a ciki?" Ya ce jariri ai ba shi da nauyi, ba zai rage wa mota gudu ba. Abin da ya fahimta da tambayar ke nan. Ina riƙe da tukunyar ruwan zafi a lokacin, sai da na ajiye ta na zauna.

Ita yarinyar ba ta taɓa cewa komai a kan mijinta ba, kuma ba za ta ce mini ba, ba mu saba ba. Amma shekaranjiya na kai mata ruwan wanka bayan ɗaki, Gwaggo ta je ɗebo ganye, muka rage mu biyu. Na juya zan fita sai na ji ta yi magana, ba ni take kallo ba, katanga take kallo, ta ce, "Ni dai da a taksi aka mayar da mu." Shi ke nan abin da ta faɗa. Ni ma katangar na kalla, na ce ruwan zai huce, na fita.

Na yi ta juya abin. In ce jego bai yi ba a ƙara mata kwanaki, ƙarya ce, kuma ko an ƙara ranar za ta zo. In haɗa ta da Gwaggo su bi taksi tun ranar Juma'a kafin ya iso, ya zo da mota da abokai ya taras ba kowa, zai ce an wulaƙanta shi a gaban mutane, Malam zai ce na zagaye shi, kuma ita ce za ta zauna da fushin a ɗakinta ba ni ba. In sa a gaya wa jandarmomi ba shi da permi, wace uwa ce take kai surukinta hukuma ana cikin murnar haihuwa, in maganar ta fito auren ma sai ya girgiza. Abin da ya rage shi ne in fito daga bayan zanan nan da kaina, in tsaya a gabansa ido da ido, in ce masa ba za ta shiga ba. A wajenmu ba a taɓa yi ba. Za a ce na zubar da girmana, na nuna son 'yar fari a fili, mata za su yi da ni har in mutu. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, duk wannan kunyar da nake ta riƙo, wa nake yi wa? Mutumin da ya sa dutse a ƙarƙashin ƙafa yana koyon birki.

Ni ba mai faɗa ba ce, ko muryata ba a cika ji a gidan nan ba, ban ma san da wace kalma ake fara yi wa suruki magana ba. Iyaye mata na cikin grup ɗin nan, musamman waɗanda suka san irin al'adarmu, ku gaya mini, in fito in yi masa magana ko in tura su a taksi a ɓoye in ɗauki abin da zai biyo baya? Direbobi na gaske in akwai ku a nan, akwai maganar da za a faɗa wa irin wannan ta shiga kansa, ko sai ya ji a jikinsa? Masu wannan wasan kuma, na san ba za a rasa ku ba, kada ku zo ku ce mini ya iya, na ga gonar da ya iya a ciki.

Tun da na haifi yarinyar nan ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. Ba na so ranar da zan fara kiransa ta zama a gindin kukar nan ina gudu ba ɗankwali. Asabar ce zai zo, ku taimake ni da abin da zan yi kafin nan.